Yadda ake kai fim daga Premiere Pro zuwa DaVinci Resolve a gyara kala, a dawo da shi lafiya

Yawancin masu tace fim da na sani a Premiere suka koyi yanka, kuma a nan hannunsu ya faɗa. Amma idan aka zo gyaran kala, DaVinci Resolve ya fi kayan aiki, ga shi kamfanin Blackmagic Design yana bayar da shi kyauta ga mai so. Shi ya sa ake yin zirga-zirgar nan: a yanka a Premiere, a kai Resolve a gyara, a dawo Premiere a ɗora rubutu da sauti a fitar. A shekarun da na yi ina wannan aiki, ban cika ganin an sha wahala a wajen juya kalar kanta ba. A hanya kaya suke zubewa, wajen tafiya ko wajen dawowa. Saboda haka a kan hanyar zan fi tsayawa.

Kayan da za ka tanada

Kwamfuta mai katin hoto na kansa, da RAM aƙalla 16GB. Resolve a kan katin hoto yake dogara, kwamfutar da Premiere ke lallaɓawa a kanta tana iya durƙushewa a nan.

Resolve na kyauta ya isa wannan aiki, yana fitar da hoto har 3840x2160. Abin da za ka fi rasawa shi ne kayan rage ƙwayoyin da ke fitowa a hoton dare, waɗannan sai a Resolve Studio na kuɗi.

Ekstanal mai wuri sosai, SSD idan da hali. Fayilolin da za su dawo manya ne: ProRes 422 HQ, nau'in fayil mai inganci da ba a matse shi sosai ba, a 1080 da firem 25 a daƙiƙa yana cin kusan 83GB a kowace awa.

Asalin fayilolin kyamara, yadda suka fito daga kati. Ba waɗanda aka turo ta WhatsApp ba, ba kuma furoksi ba, wato ƙananan kwafin da ake yi don yanka ya yi sauƙi.

UPS ko inbata. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar renda, wato fitar da bidiyo, fayil ɗin da ake rubutawa ya tafi.

Allo mai gaskiya, da ɗakin da haskensa ba ya canzawa. Ma'aunin ƙwararru shi ne allo a kan Rec.709, wato ma'aunin kalar talabijin na HD, farinsa 6500K, haskensa nit 100. Idan ba ka da irinsa, kashe Night light na Windows ko Night Shift da True Tone na Mac, ka saki labule, ka kashe ƙwan da ke ba da rawaya ko shuɗi. Wanda ya yi gyara da rana taga a buɗe, ya ci gaba da dare a hasken fitila, fim biyu zai haɗa.

1. A rufe yanka tukuna

Kada ka kai aiki Resolve sai darakta da furodusa sun zauna sun kalla daga farko har ƙarshe, sun ce shi ke nan. Ni har saƙo nake sa su rubuto min, don baki yana mantuwa. Na taɓa gama kalar fim na awa ɗaya da rabi, washegari mai fim ya zo ya ce a cire fitowa biyu, a sauya wa wata wuri, a ƙara wadda ba ta cikin aikin tun farko. Ana iya gyarawa, amma kwana biyu ya ci min waɗanda babu wanda ya biya.

2. Share layin aiki

Wannan matakin shi ne rabin aikin. Fayil ɗin XML da zai kai saƙo Resolve ba hoto yake ɗauke da shi ba, takarda ce kawai mai cewa: ɗauko fayil kaza, daga firem kaza zuwa kaza, ajiye shi a nan. Abin da takardar ba ta san sunansa ba, a hanya za a bar shi.

Fara da kwafar sikwens ɗin, wato layin da ka jera yankanka a kai, ka sa wa kwafin suna mai ma'ana da kwanan wata. Asalin kada ka taɓa shi, za ka dawo kansa. A kan kwafin sai ka yi waɗannan:

Sauko da duk hotuna layin V1, layin hoto na can ƙasa, inda zai yiwu, ka goge gutsattsarin da ke ɓoye a ƙarƙashin wasu. Idan ka bar su, za ka ɓata lokaci kana gyara abin da babu mai gani. Hoton da dole sai ya hau kan wani, kamar allo rabe biyu, shi kaɗai zai zauna a V2.

Cire rubutu, tambari, fassarar ƙasan allo da duk wani adjustment layer, wato shimfiɗar da ake ɗorawa a sama ta sauya duk hotunan da ke ƙarƙashinta. Su a Premiere za su jira ka. Haka sauti, bar layi ɗaya kawai da za ka riƙa ji, ko ma ka dogara da na bidiyon shaida da zan yi bayani a gaba.

Cire Lumetri, kayan gyaran kala na Premiere, daga kowane gutsure ta Remove Attributes. Ba ya tsallakawa, kuma idan ya saura sai ya rikita ka a dawowa.

Warware duk wani nest, wato gutsattsarin da aka dunƙule suka zama ɗaya, ka mayar da gutsattsarin kan layi. Aikin kyamara da yawa, irin na biki ko wa'azi, zaɓe shi duka ka danna dama, Multi-Camera, sannan Flatten.

Warp Stabilizer, mai rage girgizar hoto, ba ya tsallakawa. Ko ka cire shi ka mayar bayan an dawo, ko ka daidaita girgizar a Resolve, wanda shi ma yana da nasa. Abin da ka haɗo daga After Effects kuma ka yi masa renda ya zama bidiyo mai inganci, ka ɗora a madadinsa.

Sai maganar sauri. Gutsuren da aka rage wa sauri da lamba ɗaya, kamar kashi 50, yawanci yana isa lafiya. Wanda saurinsa ke hawa yana sauka a tsakiya kuwa da wuya ya isa daidai. Irin wannan nakan fitar da shi shi kaɗai a ProRes ko DNxHR, ba tare da kala ba, in mayar da shi kan layi a matsayin sabon fayil.

Akwai wani tarko da ke kama kusan kowa. Idan ka ɗora hoton 4K a sikwens na 1080 ka yi amfani da Scale to Frame Size, Premiere zai rage hoton amma lambar Scale tana nan a 100, don haka takardar ba ta san an rage komai ba. Yi amfani da Set to Frame Size, wanda sababbin Premiere ke kira Fit to Frame, shi yana sauya lambar ta koma 50 kowa ya gani.

Bidiyon waya shi ma sai an kula. Waya ba ta riƙe adadin firem ɗaya, tana hawa tana sauka, sai yankan ya goce a Resolve. Maganinsa a juya shi da Shutter Encoder ko HandBrake zuwa tsayayyen firem, kuma tun kafin a fara yanka ya kamata a yi.

3. Duba sunayen fayiloli

Kyamarorin Sony suna fara ƙirga daga C0001, wasu ƙananan kyamarori daga 00000.MTS, kuma da yawansu ba sa rubuta taimkod na gaske, wato lambar lokacin kowane firem, kowane fayil daga sifili yake farawa. Idan aka yi fomat na kati, ƙirgar tana iya komawa farko. Ka ga ke nan a aiki ɗaya za ka iya samun C0001 guda huɗu.

A wani aikin biki na buɗe layi a Resolve, wurin da amarya ya kamata ta shigo zauren dina sai ga masu girki suna tuƙa tuwo a tsakar gida. Suna ɗaya, rana daban. Tun daga nan kowane kati da foldarsa, kuma ina sauya wa fayiloli suna tun ranar da aka kwafe su, kafin su shiga Premiere. Idan an riga an yi yanka, kada ka sauya suna yanzu, za ka tsinke aikin gaba ɗaya. Bari sai mataki na 5, akwai dabara.

Idan wani ne zai yi maka kalar a wata kwamfutar, yi amfani da Project Manager ka zaɓi Collect Files and Copy to New Location, ya tattara maka fayilolin da sikwens ɗin ya taɓa kawai.

4. Fitar da abu biyu: takarda da shaida

Takardar ita ce File, Export, Final Cut Pro XML. Idan akwai abin da ya ƙi fassaruwa, Premiere zai ajiye ɗan rahoto kusa da fayil ɗin. Karanta shi, minti ɗaya ne.

Shaidar kuma bidiyo ce ta H.264 mara nauyi, daga wannan kwafin da ka share, da sauti, da lambar taimkod a jikin hoto. A wajen fitarwa, ƙarƙashin Effects, akwai Timecode Overlay. Da yawa suna tsallake wannan don ganin ɓata lokaci ne. Ita ce kaɗai za ta gaya maka ko abin da ya isa Resolve shi ne abin da ya tashi daga Premiere.

5. Shigar da aiki Resolve

Buɗe sabon aiki, kuma kafin ka shigo da ko fayil ɗaya ka je Project Settings, Master Settings, ka sa girman hoto da adadin firem daidai da na Premiere. A nan ƙasashen wutarmu 50Hz ce, talabijin ɗinmu firem 25, amma da yawa suna ɗauka a 23.976 ko 24. Waɗannan biyun ba ɗaya ba ne, duba da kyau. Da zarar kaya sun shiga, Resolve yana kulle wannan lambar.

A Image Scaling, wurin Mismatched resolution files, zaɓi Center crop with no resizing. Haka Premiere ke ɗaukar hoto, sai lambobin girman da ke cikin takarda su yi aiki daidai. Idan ka bar shi a Scale entire image to fit, hoton 4K zai ragu sau biyu, ka gan shi ɗan ƙarami a tsakiyar baƙi.

Yanzu File, Import, Timeline, ka nuna masa XML. Idan sunayen fayilolinka ba su maimaitu ba, bar Automatically import source clips into media pool a kunne. Idan sun maimaitu, kashe shi, ka fara shigo da fayilolin da hannunka kowane kati a bin ɗinsa, wato foldarsa a cikin Media Pool. Duk gutsuren da ya ɗauko ba daidai ba, ka zaɓi na gaskiyar a Media Pool, ka danna dama a kan na layi, ka yi Conform Lock with Media Pool Clip.

Sai shaida. A shafin Media danna dama a kanta, Add as Offline Reference Clip, sannan ka haɗa ta da layin ta Link Offline Reference Clip. Idan wannan ya yi maka tsawo, akwai hanyar gajeriya: ɗora ta a layin sama, ka sa Composite Mode a Difference. Inda hotuna biyu suka dace allo zai yi duhu, inda suka saɓa za ka ga zane-zane suna haske. Bi kowane yanka ɗaya bayan ɗaya. A fim mai tsawo zai ci awa guda ko fiye, kuma ban taɓa yi ban kama wani abu ba: zum da ya ɓace, hoton da aka juya hagu zuwa dama ya koma yadda yake, gutsuren da ya goce da firem biyu. Kammala, ka cire shaidar daga layi, ka kunna Live Save da Project Backups a Preferences.

6. Dawo da hoto hayyacinsa

Idan an ɗauka a log, hoton zai zo fari-fari kamar an wanke shi da toka. Ba lalacewa ya yi ba, kyamara ce ta matse haske mai yawa cikin ƙaramin wuri. Tambayi mai kyamara me ya sa, kada ka yi kintace: Sony yawanci S-Log3 da S-Gamut3.Cine, Canon Log 3 da Cinema Gamut, Panasonic V-Log da V-Gamut. A shafin Color ka ɗora Color Space Transform a kan nod, wato ɗan akwatin da ake ɗora gyara a cikinsa, ka sa na kyamara a shiga, Rec.709 da Gamma 2.4 a fita. Bidiyon iPhone na HDR da ke fitowa fau kamar an haska tocila shi ma haka za a yi masa, shigarsa Rec.2020 da Rec.2100 HLG. Wanda aka ɗauka a kalar kyamara ta yau da kullum ba ya buƙatar wannan.

Ga yadda nake jera nod, ana ƙara sabo da Alt+S: na farko haske, na biyu daidaita fari, na uku juyawar nan zuwa Rec.709, na huɗu fata da ƙananan gyare-gyare, na biyar salo. Na sa haske da fari kafin juyawa ne don su yi aiki a kan cikakken abin da kyamara ta kama. Farar shaddar da ta ƙone bayan juyawa, sau da yawa tana nan da zarenta idan ka rage Offset a nod ɗin da ke kafin juyawar.

7. Gyara kafin ado

Ido maƙaryaci ne, minti biyar ya kalli hoto mai kore sai ya saba ya ce fari ne. Buɗe ma'aunan haske da launi: Waveform, Parade da Vectorscope.

Waveform yana tafiya daga 0 zuwa 1023. Baƙi ya sauka kusa da 0 ba tare da ya kwanta a kai ba, fari kada ya manne a sama. Parade yana raba ja, kore da shuɗi. Nemi abin da ka san fari ne ko toka a hoton, bango ko hula ko takarda, ka juya har ukun su yi kai ɗaya a wurin. Fitilun fuloresan na ofis da asibiti kore suke ƙarawa, Tint ke cire shi. Hoton lokacin hunturu kuma hazo yana ɗaga baƙinsa ya kwantar da komai, sai ka sauko da Lift, mai riƙe da baƙin hoto, a hankali. Kada ka kore hazon duka, idan labarin a hunturu yake, a bar shi ya yi kama da hunturu.

Fata ita ce inda ake gane mai gyara. A Vectorscope kunna Show Skin Tone Indicator. Fatar mutum, baƙi ne ko fari, kusa da wannan layin take faɗawa, bambancin a haske yake ba a launi ba. Kuskuren da na fi gani shi ne a ɗaga Gain, mai riƙe da farin hoto, har sai jaruma ta yi fari, alhali ba haka Allah ya yi ta ba. Sakamakon, fuska ta yi toka-toka, goshi ya ƙone, mayafi ya rasa launi. Fata mai duhu kyanta a sheƙi da ɗumi yake. Ɗaga Gamma, wato tsaka-tsakin haske, kaɗan, ko ka zagaye fuskar da Power Window mai laushin baki ka bi ta da Tracker, ka bar sauran hoton.

Zauren biki mai fitilu shuɗi da shanshanbale wani abu ne daban. Idan fitilar ta rina fuska gaba ɗaya, ba za ka dawo da fatar yadda take ba, musamman a fayil na 8-bit. Rage ƙarfin launin da Hue vs Sat ka haƙura. Matsawa da yawa sai hoto ya fara dabbare-dabbare, garin gyaran gira a rasa ido.

Daga nan sai haɗa hotunan fitowa ɗaya su zama ɗaya. Zaɓi wanda ya fi nuna wurin duka, ka gyara shi, ka danna dama a kan allo ka yi Grab Still, sannan ka riƙa gwada sauran da shi gefe da gefe. Shift+D yana kashe duk gyaran ka ga inda ka taso.

Salo a ƙarshe yake zuwa. LUT, wato fayil mai shiryayyen salon kala, waɗanda ake saukewa kyauta, irin masu shuɗi da ruwan lemo, yawancinsu ba da fatarmu aka gwada su ba, sai su mayar da mutum ja kamar tukunyar ƙasa. Idan za ka sa, a nod na ƙarshe, ka rage ƙarfinsa ta Key Output Gain zuwa rabi ko ƙasa.

8. Renda don komawa

A shafin Deliver zaɓi Premiere XML. Zai sa kansa a Individual clips, wato kowane gutsure fayil ɗinsa. A Mac ProRes 422 HQ, a Windows DNxHR HQX a cikin QuickTime. Kada ka yi H.264 a nan, don za a sake matse shi a fitarwar ƙarshe, matsa biyu kuma tana cinye inuwa da sararin sama.

Sa rarar firem a kowane gefe, wurin Add frame handles. Ni 25 nake sawa, daƙiƙa ɗaya ke nan. Da ita narkewar hoto cikin hoto za ta samu abin kamawa, kuma idan darakta ya ce a ɗan ƙara wa wani yanka tsawo ba sai ka koma Resolve ba. Kunna Use unique filenames, in ba haka ba gutsure biyu daga fayil ɗaya za su iya taka juna. Data Levels bar shi a Auto. Sabuwar folda, babu komai a cikinta.

Ka yanke shawara a kan girma: ko Resolve ya gasa zum a cikin hoto, ko ya bar wa Premiere. Idan kana so ka ci gaba da iya motsa hoto, zaɓi Render at source resolution, sai dai zai ci wuri. Kafin ka saki fim duka, gwada da minti biyu ka kai Premiere ka gani.

9. Dawowa gida

A Premiere yi Import na sabon XML da ke cikin foldar renda. Zai kawo sikwens da fayilolin da aka gyara. Kwafe hotunan, ka buɗe kwafin asalin sikwens ɗinka mai sauti da rubutu, ka liƙa su a layin da ke saman tsofaffin hotuna amma ƙarƙashin rubutu. Riƙa kashe layin kana kunnawa don ka tabbatar sun hau daidai. Abin da za ka fi nema shi ne zum da ya ninku, da adjustment layer mai tsohon Lumetri da ya saura a sama yana rina sabon aiki. Mayar da Warp Stabilizer inda ka cire. Tabbatar sikwens ɗin yana Rec.709.

Idan hoto ya dawo baƙinsa ya yi toka ko ya nutse fiye da yadda ka bari, yawanci Data Levels ne, an rubuta Full ana karanta Video ko akasin haka. Idan kuma a Mac kake, ka ga QuickTime Player yana nuna shi da ɗan haske fiye da Resolve, wannan tsohuwar matsala ce ta yadda Mac ke fassara gamma. Kada ka koma ka ƙara duhu saboda ita. Gwada lambobin: idan Waveform na Lumetri Scopes ya yi daidai da na Resolve, aikinka yana nan.

Idan XML ya ƙi

Wani aikin ya cakuɗe da yawa, ko asalin fayilolin sun warwatse, ko Resolve na kyauta a Windows ya ƙi buɗe wasu fayilolin 10-bit 4:2:2. To sai a bi ta ɗaya hanyar. Daga kwafin da ka share, ba rubutu ba kala, fitar da fim ɗin duka fayil ɗaya a ProRes 422 HQ ko DNxHR HQX, ka kuma fitar da EDL, takardar jerin wuraren yanka, na layin V1. A Resolve shigo da fayil ɗin, sannan a Media Pool danna dama, Timelines, Import, Pre-conformed EDL, zai yayyanka shi a inda ka yanka. Idan babu EDL, Scene Cut Detection a shafin Media zai nemo yankan da kansa, kai kuma ka bi ka gyara inda walƙiyar kyamarar masu hoto ta ruɗe shi.

Wannan hanyar ba ta da rarar firem, kuma wurin narkewa hotuna biyu sun riga sun haɗe, sai dai ka cire narkewar kafin fitarwa ka mayar daga baya, ko ka bi ta da kifirem, wato alamomin da ke sa gyaran ya sauya a hankali daga hoto zuwa hoto. Amma zum da sauri da girgiza duk sun gasu a ciki, babu abin da zai goce. Aikin biki, talla da bidiyon waƙa yawanci ta nan nake bi. A dawowa Single clip za ka zaɓa, fayil ɗaya ya hau layi ɗaya.

Kafin ka miƙa aiki, tura minti uku zuwa wayar Android mai araha da wata mai tsada, ka kalla a tsakar gida da rana, don a nan yawancin masu kallon YouTube za su gan shi. Fitowar dare ita ce za ka fi dubawa. Idan kuma gidan talabijin za a kai, irin su Arewa24, nemi takardar ƙa'idojinsu tun kafin renda, ka kunna Broadcast Safe idan sun buƙata. Sannan ka fitar da aikin Resolve ta Export Project, ka ajiye fayil ɗin .drp a folda ɗaya da XML guda biyu da bidiyon shaida.